Yadda Za Ka Fitar da Zuma Ƙasar Waje Ba Tare da Ka Sayar da Ko Cokali Ɗaya Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari zumarka za ta ƙetare teku, mutanen can su lasa har su yi santi, sunanka kuma ya shiga babban littafin hukuma. Ba labari aka ba ni ba. Ni ne wanda 'yan unguwa suke kira Ɗan Ƙetare, ko da yake iyakar tafiyata tashar mota.

Mataki na 1: Samo zumar wani

Kada ka kuskura ka fara da taka. Ni da ta Kawu na fara, ƙanin mahaifiyata, mai amya arba'in a bayan gari. Jarka goma ya samu bana, bayan ya sha harbi har idonsa ɗaya ya rufe. Niyyarsa ya kai kasuwa ya sayar, ya sake rufin ɗakinsa kafin damina, don bara tsakanin bokitai ya yi ta kwana.

Ka je ka durƙusa, ka ce ka samo mai saye a ƙasar waje ta waya, kuma ninki uku zai biya.

"Ɗan nan, ka tabbata kuwa?" in ji Kawu.

"Haba Kawu! Hukuma sukutum gwamnati ta kafa don taimakon masu fitar da kaya irinku. Mako biyu an gama."

Ka faɗi "mako biyu" ɗin nan da ƙarfi, kana kallon ƙasa.

Mataki na 2: Shiga hukuma da kwarjini

Sa kayanka masu guga, ka riƙe jaka ko da babu komai a ciki. Ofishin yana hawa na huɗu, lif ɗin kuwa ya daɗe da yin ritaya. Za ka tarar da taswirar duniya a bango, da hoton jirgin ruwa shaƙe da kaya, da dogon benci. Benci shi ne naka. Ka gaisa da na kusa da kai, wani mai citta da ya zo tun tana ɗanya, yanzu ta zama gari.

Sakatariya za ta leƙo ka ta saman tabarau, ta miƙo fom kwafi huɗu, ta ce, "Ka zo da samfur?"

Mataki na 3: Gane abin da ake nufi da samfur

A nan sababbin shiga suke jin kunya. Ni da 'yar kwalbar magani na je. Malamin ɗakin gwaji ya ɗaga ta sama, ya girgiza kai.

"Malam, wannan ai ko maƙogwaron na'urar ba za ta jiƙa ba. Kawo jarka."

Ka kawo jarka. Daga baya za ka fahimci na'urar tana da mata da 'ya'ya shida, kuma duk tari suke fama da shi. Kada ka yi gunaguni. Wanda bai yarda a ɗanɗana ba, ai bai yarda da kayansa ba.

Mataki na 4: Tabbatar da asalin ƙudan zuma

Bayan shaidar gwaji, sai shaidar asali, wato takardar da ke nuna kayan a ƙasar nan aka yi su. Jami'in wannan sashe mutum ne mai tsantseni.

"Ƙudan da suka yi zumar nan, 'yan ƙasa ne?"

"Ranka ya daɗe, ban tambaye su ba."

"Ka ji ko! Ƙudan zuma ba ya tsayawa a kan iyaka a duba masa takarda. Sai kwamiti ya je ya gani da ido."

Kwamitin mutum biyar ne. Za su je har gonar, su tsaya nesa da amya, su ɗaga gilashin mota, su yi bincikensu daga ciki. Kawu zai fito da murna yana yi musu maraba, ya ɗauka arziki ne ya iso. Kowa zai koma da samfurinsa. Direba ma ai ɗan kwamiti ne.

Mataki na 5: Koyi lissafin kwanaki

Shaidar gwaji kwana talatin take aiki. Shaidar asali kwana arba'in take ɗauka kafin ta fito. Ranar da ka karɓi ta biyu kana washe baki, sakatariya za ta nuna maka da bakin biro cewa ta farko ta mutu kwana goma da suka wuce.

Ka koma mataki na uku da sabuwar jarka. Na'urar ta yi kewarka, kuma surukarta ta zo ziyara. Sau uku na yi wannan zagaye, har mai gadi ya daina tambayata wurin wa na zo.

Mataki na 6: Iya amsa wayar Kawu

Zai kira, ya ce, "Ɗan nan, hadari fa ya soma haɗuwa."

Kada ka ce saura jarka biyu. Ka ce, "Fayil yana kan teburin Darakta." Wannan magana ba ta taɓa zama ƙarya ba, kowane fayil na duniya yana can. In ya yi shiru, ka ce waya ba ta ji, ka kashe.

Mataki na 7: Yi wa ƙasa hidima

Wata rana Darakta zai kira ka da kansa, har a ba ka kujera mai laushi. Zai ce za a yi baje koli a ƙasar waje, kuma zumarka ce aka zaɓa ta wakilci ƙasa. Jarka biyu kawai ake so. Wa zai ce a'a a kan kujera mai laushi? Ka ɗauko su da kanka, ka hau da su bene hawa huɗu.

Da ya dawo daga can zai sa hannu a lasisinka na fitar da kaya, ya buga jan hatimi, a ɗauke ku hoto. Hukuma kuma ba ta cin amana, duk jarkokinka za a mayar maka da su wayam. Mai sayen nan ma zai bugo waya, ya ce ya ɗanɗana zumar a rumfar ƙasarku, bai taɓa shan irinta ba, jarka arba'in yake so. Ka ga alkawarina ya cika ke nan.

Mataki na 8: Kai wa Kawu albishir

Ana tsuga ruwa na isa. Na same shi a kan tabarma, ya naɗe ƙafafu, bokitai uku suna ɗas-ɗas kewaye da shi, katifarsa jingine da bango ta jiƙe sharkaf. Na miƙa masa lasisin da hannu biyu. Ya juya gaba, ya juya baya, ya shafa hatimin.

"Ina zumar?"

"Ta fita waje, Kawu. Har an yaba."

"Madalla. Jarkokin fa?"

"Suna mota."

"Shigo da su."

Ya ɗauko wuƙa, ya yanke musu kai ɗaya bayan ɗaya, ya jera su duk inda ruwa yake zuba. Sannan ya zauna ya ce, "To, Alhamdu lillahi. Ko ba komai bana mun ƙaru da abin tarar ruwa."

Wallahi da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Kunya ta hana ni ɗaga kai, sai da ruwan ya ɗauke.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya same ka: ƙarewar zuma, yoyon ɗaki, ko shirun kawu. Lasisin kwana casa'in yake aiki, sabuwar zuma kuwa sai nan da wata takwas, wannan kuma tsakaninka ne da ƙudan zuma. Mai neman ƙarin bayani kada ya kira, na sayar da wayar na sayo kwanon rufi. Ya same ni a saman ɗakin Kawu, ya taho da ƙusa. Kuma cikakken kwali nake so, ba samfur ba.