Rabin Ayaba da Filas ɗin Hajja

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Filin Wasa na Toupie Bleue,
wanda ban taɓa gani ba sai sa hannunsa a ƙasan takardar talla.

Yallaɓai, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka tashi lafiya, kuma ka karya kumallo da abin da ya fi wanda kake ba jama'a shawara.

Sunana Mu'mina Maliki. Shekaruna goma sha huɗu, ina aji troisième, wato ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, muna zaune a unguwar Briqueterie nan Yaoundé, layin teloli. Ni ba mai yawan magana ba ce, malamaina ma haka suke rubutawa a katin sakamakona kowane zango. Na rubuta maka da Faransanci sau biyu, na bayar a ƙofarku, ban ji komai ba. Wannan karon da Hausa na rubuto, saboda kakata Hajja ta ce ba takardar da za ta sake fita daga gidanmu sai ta ji abin da ke ciki da kunnenta. Yayata Jiddah ce ta ce za ta watsa ta a waya, ko Allah zai sa ta iso teburinka. Ni ban so a yi haka ba. In ba ka jin Hausa, ka kira mutumin nan da kuke sa wa kayan aku yana rawa a gaban babban lilo. Yana ji sarai.

Buƙatata ƙarama ce, lokaci ne ya ƙure. Ajinmu zai zo filinku a makon matasa, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓar takardar izinin iyaye. Mu arba'in da bakwai ne. Takardu arba'in da shida sun koma da sa hannu. Tawa tana ƙarƙashin dardumar sallar Hajja, Baba kuwa ba ya sa hannu a abin da mahaifiyarsa ta zauna a kai. Ban taɓa fita yawo da 'yan ajinmu ba, bana kuma ita ce shekararmu ta ƙarshe tare.

Ga yadda aka yi. A gidanmu ni ce mai karanta takardu. Ta likita, ta wuta, ta makaranta, duk ni ake miƙo wa, abin da na ce takarda ta ce kuma shi ake yi. Ban taɓa ƙari ba, ban taɓa ragi ba. A hutun Disamba aka ba Yaya Jiddah takardar tallanku a mahaɗar Messa. Baba, wanda ba ya rufe shagon ɗinki sai ranar Sallah, ya ce zai rufe na yini guda ya kai mu. A bayan takardar akwai shafi a kan irin karin kumallon da zai ba mutum ƙarfi duk yini a filinku. Na karanta, na fassara, na kuma kafe a kan sai an bi. Wannan laifina ne, na amsa. Saura naka, kuma ga shi nan na jera da ladabi.

Na ɗaya. Kun rubuta cewa a ci abu mara nauyi: croissant ɗaya, wato ɗan burodin Faransawa, ƙaramar robar kindirmon kanti da kuke kira yaourt, rabin ayaba, da kofin ruwan lemo.

Al'adar gidanmu kuwa, duk ranar fita, ko da nan Ekoudou za a je gaisuwa, Hajja takan tashe mu da asuba ta ciyar da mu kamar masu shirin ɗaukar azumi. Wake da manja, makala, wato fanke, mai zafi daga kasko, kunun gyada mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki, sannan a jefa wa kowa dafaffen ƙwai a jaka. Ranar nan har ta jiƙa waken. Sai na tsaya a gabanta da takardarku a hannu, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ta dube ni ta ce, "Mu'mina, shi wanda ya rubuta wannan, ya taɓa tsayawa a rana?" Na ce masana ne suka rubuta. Baba ya ce, "Hajja, a bar yarinya, ita ce ta yi boko." Allah ya yafe mini, har daɗi na ji.

Muka zauna muka ci. Hajja ta matse nata croissant a tafin hannu, ya koma bai kai goro ba. Ta ce, "Iska aka naɗe muku." Sannan ina da tambaya a kan ayabar, Yallaɓai, domin ta hana ni sukuni. Me ya sa rabi? A ƙasar nan da ayaba take nuna har ta ruɓe a bakin hanya? Ɗaya rabin wa ake ajiye wa? Mu huɗu ne, muka yanka biyu muka raba. Baba ya haɗiye tasa a loma guda, ya leƙa cikin ɓawon ko akwai saura.

Na biyu. Filinku siminti ne daga ƙofa har katanga. Na ga itatuwan kwakwa masu kyau, na yaba, sai da na matsa na ga na roba ne, kuma inuwarsu ba ta isa kaza ta fake ba. A nan muka bi layin babban lilo tun ƙarfe goma. Baba mutum ne da ke taka keken ɗinki daga safe zuwa Magariba a kan wake da makala, ban taɓa ganinsa zaune a ƙasa ba in ba a masallaci ba. Da sha ɗaya da rabi ya zauna a kan simintinku, cikin sabuwar shaddar da ya ɗinka wa kansa saboda ranar, ya dafe kai.

Wanda ya kawo mana ɗauki shi ne akun nan naku. Ya daina rawa, ya zo yana yi wa Baba fifita da fiffike. Sai muka ji murya daga cikin tsuntsu ta ce, "Alhaji, me ka ci da safe?" Baba ya nuna ni da yatsa. Na miƙa takardar. Akun ya karanta ta ramin bakinsa, sannan ya ce, "Kai! Ni kam sai na ci burodi da wake, na kora da shayi kofi biyu, kafin in shiga cikin kayan nan."

Yallaɓai, ma'aikacinka ne ya faɗi haka. Ina roƙon kada a kore shi. Shi kaɗai ne a filin ya gaya mana gaskiya.

Na uku, kuma shi ne babba. Ashe Hajja ba ta yarda da ni ba tun farko. Ta ɗura kunu a filas ɗinta ja mai fulawa, wanda ta zo da shi daga Makka tun ba a haife ni ba, ta ɓoye a ƙarƙashin mayafi. Mai gadin ƙofarku ya gano shi, ya ce ba a shiga da abincin waje. Na ce takarda ba ta faɗi haka ba. Ya nuna mini can ƙasa, rubutu rawaya a kan fenti rawaya, ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Ina taya wanda ya zaɓi kalar nan murna. Aka karɓe filas, aka ce mu karɓa in za mu fita.

Da Baba ya zauna a ƙasa, Hajja ta koma ƙofa ta roƙo wa ɗanta kofi ɗaya daga kunun da ta dama da hannunta. Ta tarar da masu gadi uku, kowa da kofin roba a hannu, filas a buɗe. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Sukari ya ji?" Ɗayansu ya lashe baki ya ce, "Mama, c'est bon." Da yamma muka zo fita, an canza masu gadi, filas kuma ba wanda ya taɓa jin labarinsa.

A darasin kimiyya an koya mana yadda ake gwaji: a raba mutane rukuni biyu, a ba kowane rukuni abu daban, a duba sakamako. Ba da niyya ba, filinku ya yi wannan gwaji, ni kuma na rubuta abin da na gani. Rukunin farko ya ci abin da takardarku ta ce. Mutum ɗaya ya zauna a ƙasa. Yaya Jiddah ta yi ciwon kai, ta yi wa mai ɗaukar hoto rashin kunya ba gaira ba dalili. Ni kuma na ga wasu taurari suna yawo da rana tsaka. Rukuni na biyu ya sha kunun Hajja. Sun tsaya a rana har ƙarfe biyar suna busa usur, ɗaya ma har ya bi wani mai tsallake shinge da gudu ya kamo shi. Daga baya na gano Hajja ta ci ɗumamen tuwo da miyar kuka kafin ta tashe mu. Ita kaɗai ce a cikinmu ta hau babban lilon. Sau biyu ta hau, tana ɗago mana hannu daga sama.

Ko masananku suna son in aiko musu da jadawalin? Na zana shi da rula.

Na huɗu. Za ka ce ai akwai abinci a ciki. Akwai, na gani. Akwai wata audugar sukari da ta kai kan mutum girma, ka sa a baki ta ɓace, ka rasa ko ci ka yi ko mafarki. Akwai burodi da wani nama mai kalar hoda a tsakiya. Sai da na yi minti goma ina tara ƙarfin hali kafin na tambayi mai sayarwa naman mene ne. Ta ce nama ne. Na ce na wace dabba? Ta ce nama ne, in matsa akwai mutane a bayana. Mu 'yan unguwar da duk Yaoundé ke zuwa cin soya ne, wato tsire, Yallaɓai. Mun saba mu san dabbar da muke ci, wani lokaci har da sunan mahaucin.

Na biyar. Wannan a kaina ne, zan taƙaita, don ina jin kunya. Tun ranar ba a ƙara miƙo mini takarda a gidanmu ba. Ana kai wa Najiba ta gidan maƙwabta, 'yar aji cinquième, aji biyu a ƙasa da ni, wadda take bin layi da yatsa. In na ce za a yi ruwa, Yaya Jiddah sai ta ce, "Takarda ce ta faɗa?" Telolin layinmu suna kirana Rabin Ayaba. Baba bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, cewa kawai yake, "Ba komai, uwata." Da ma faɗan ya yi.

Da na kawo takardar izinin, Hajja ta sa aka karanta mata, ta ninke ta, ta ce, "Ba zan tura jikata inda ake hana mutum cin abinci a gida, a kuma ƙwace wanda ya zo da shi ba. Tunda ke takarda kike ji, ba tsohuwa ba, to je ki kawo mini takarda."

Saboda haka ina roƙonka abu biyu, da dukkan girmamawa. Na farko, a nemo filas. Murfinsa yana da tsaga kaɗan, an ɗaure hannunsa da baƙin zare. Ba sai an wanke ba. Na biyu, takarda mai kan sarki da sa hannunka. Don kada in wahalar da sakatarenka, na rubuta abin da za ta ƙunsa:

"Mu, hukumar filin wasa na Toupie Bleue, mun shaida cewa wake da makala da kunun gyada karin kumallo ne, ana iya shiga da kunu filinmu, kuma sun fi namu."

Kalmomi huɗun ƙarshe Hajja ce ta sa na ƙara. Kana da ikon soke su, amma ban ba ka shawarar haka ba.

In har Laraba ta wuce ba amsa, Hajja ta ce za ta zo ofishinka da kanta ranar Alhamis da safe. Ta riga ta tambayi inda ake hawan tasi. Kada ka ji tsoro, ba ta ɗaga murya. Zama kawai take yi, ta gyara mayafi, ta faro magana daga farko, farkon kuwa shi ne shekarar da aka kawo ta Briqueterie. Wancan karon da ta je wani ofishi a kan maganar famfon layinmu, ta shiga da hantsi, aka kira La'asar ba ta iso kan famfon ba. Ni zan zo in fassara, kuma kamar yadda na gaya maka, ba na ragi.

Ko da yake ka cuce ni, ba na son abin da ya sami Baba ya same ka a gaban ma'aikatanka. Ranar Alhamis ka ci wake. Ka ƙara da ƙwai biyu in da hali. Ayabar kuma, don Allah, ka cinye ta duka.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa lilonka tsawo, ya sa itatuwanka su yi inuwa.

Taka mai biyayya, wadda ta bi maganarka fiye da yadda kai kanka kake bi,

Mu'mina Maliki
Aji troisième, Briqueterie