'Yar Wuƙar da Ta Tona Ni a Filin Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ƙarfe ya yi mini kuka a gaban surukina ba. Rubuta, Auta, kada ki rage komai, ko da kina ganin ina share hawaye. Alhaji ya tafi ya bar ni, Allah Ya haskaka kabarinsa, kuma duk lokacin da kewarsa ta taso mini, wannan ranar ce take fara zuwa.

A lokacin ina da jikoki. Babbar ɗiyata tana aure a Anka, tana goyon na uku. Sai ga ni, gyatuma da furfura a goshi, da ciki. (Da farko na ɗauka tsufa ne ya zo. Tsufan da yake sa mutum kwaɗayin ɗanyen mangwaro da gishiri!) Ni da Alhaji kaɗai muka sani. Na ɗinka manyan hijabai, na daina zuwa biki.

Ana cikin haka ciwon ƙodar Alhaji ya tsananta, likita ya ce sai Masar. Yara suka taru a Gummi suna shawarar wanda zai yi jinya. Na san da sun ji ina da ciki, magana ta ƙare: za su zaunar da ni, su haɗa shi da ƙanensa, wanda ko kunu bai iya damawa ba. Idan Alhaji ya cika a can, ba ni kusa. Na ce ni za ni. Aka haɗa mu da mijin babbar ɗiyata, malamin Larabci, don ya yi mana tafinta. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

To, mu a wajenmu mai ciki ba ta yin tafiya ba ƙarfe a jikinta, saboda iskokin hanya. Akwai wata 'yar wuƙa da Innata ta ba ni tun cikin fari, ba ta kai yatsa ba. Na naɗe ta a tsumma, na ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane. Wanda zai bi ta cikin iska gaba ɗaya, ai shi ya fi kowa buƙatarta. Haka nawa lissafin ya ba ni.

A filin jirgin Kano akwai wata ƙofa marar gida, kowa sai ya bi ta cikinta. Aka tura Alhaji a keken marasa lafiya. Malam ya wuce lafiya. Ina sa ƙafa, ƙofa ta kama tsuwa. Na cire awarwaro, na koma, ta sake. Na cire 'yan kunne, ta sake. Sai wata ma'aikaciya ta zo da sanda tana shafa ni. Kai shiru, kafaɗa shiru. Tana isowa kan cibiya, sanda ta fasa ihu.

Ta kai hannu, ta zaro tsumma, ta warware. Amma hannunta ya riga ya taɓa abin da ya fi wuƙa.

"Kai! Hajiya Baba, ciki ne da ke?"

Muryar yarinyar nan ko mai tallan nono albarka. Layi duka ya juyo. Malam ya ɗaga kai yana kallon rufi kamar an rubuta masa karatu a can. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Can Malam ya matso, idonsa a kan takalminsa. "Inna, in haka ne... ko in kira gida, a zo a maida ku Gummi? Ni na isa in kula da Baba."

A nan kunyar ta sake ni. Na dubi Alhaji a keke, wuyansa ya zama kamar kara.

"Awo, ciki ne," na ce, da ƙarfi, don na ƙarshen layi ma ya ji. "Ba na sata ba ne, ga mai shi nan zaune. Kuma ƙafata ƙafarsa. Wanda zai maida ni Gummi sai ya ɗauke ni a ka."

Alhaji, wanda ya yi watanni bai yi dariya ba, ya ƙyalƙyale har da tari. "Ku bar ta ta wuce, 'yan nan. Ita ce shaidata cewa ban mutu ba tukuna."

Aka tambayi watanni, na nuna da yatsu a bakin hijabi, suka ce bai kai a hana ni ba. Wuƙar Inna dai suka riƙe. Da muka zauna jiran jirgi, Alhaji ya laluba aljihu ya danƙa mini makullin ɗakinmu.

"Riƙe wanga. Iskoki ba su bambanta wuƙa da makulli."

Na yi jinyarsa a Masar da cikina, ni ke dama masa kunu, ni ke juya shi. Muka dawo tare. Ya yanka miki rago da hannunsa, Auta, ya ga tafiyarki, ya ji kin kira shi Baba. Matan unguwa sun yi ta yi da ni, wai kaka tana tseren haihuwa da ɗiyarta. Su yi! Ko yau aka mayar da ni bakin ƙofar nan, sai na sake bi.

Malam har gobe bai iya haɗa ido da ni. Makullin kuwa ga shi nan a bakin zanena, ɗakin ma an daɗe da sake masa ƙofa.

Abin da na koya? Kunya ba ta kisa, na gwada a gaban mutum ɗari. Sai dai duk wadda za ta ɓoye ciki a filin jirgi, ta bar wuƙa a gida.