Ƙofar Da Ta Tsare Surukina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na uku ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu a Malanville ba za su bar ni ba.

Ni mai gyaran waya ne, ba kafinta ba. Amma ina cikin mutanen nan da in sun kalli bidiyo a waya sai su ji babu sana'ar da ta fi ƙarfinsu. Da matata Ramatu ta haihu, saƙo ya zo daga Gaya, garinsu da ke tsallaken kogi, cewa mahaifinta zai ƙetaro gada ya zo suna da kansa, tare da mahaifiyarta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da na auri ɗiyarsa, Alhaji bai taɓa taka gidana ba, don shi babban ɗan kasuwa ya so ta aura. Sai da ya ji sunansa za a sa wa jaririn ya sauko.

Na dubi gida, idona ya faɗa kan banɗaki. Tsohon buhun shinkafa ne a rataye maimakon ƙofa. Na ce wallahi Alhaji ba zai yi wanka bayan buhu ba.

A kasuwa na iske filawud iri biyu, wato falankin nan da ake yi da siraran katako a manne su. Akwai mai nauyi, akwai mai araha wanda in ka ɗaga shi sai ya yi ta rawa kamar faifai. Na ga ya ɗan lanƙwashe tun a shago, amma na ce ƙusa za ta miƙar da shi. Na yanka, na buga, na shafa fenti shuɗi. Har hoto na ɗauka (Allah Ya yafe mini, har na tura wa abokai).

Damina ce, kogi ya cika, ko tufafi ba sa bushewa. Kafin ranar suna ƙofar ta fara nuna halinta. Sama ta karkace waje, ƙasa ta kumbura, gefe ya fara ɓarewa kamar albasa. In ka rufe ta da ƙarfi sai ta cije. Na koya wa mutanen gida dabara: ka sa ƙafa ka ɗaga ta, sannan ka tura. Kowa na gaya wa, ban da Alhaji. Ta ina zan fara yi wa surukina bayanin yadda ake fita daga banɗaki?

Bayan sallar asuba an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya zauna, rago na ɗaure, an ajiye goro da dabino. Alhaji ya ce bari ya watsa ruwa ya sake riga. Muka zauna jira.

Shiru. Liman ya dubi agogo, ya dube ni. Wani dattijo daga Guéné ya fara zancen motar da zai bi. Can sai ga ƙanwar Ramatu ta leƙo, ta yafuto ni.

"Yaya, Baba bai hito ba hwa."

Na miƙe da sauri. Na isa bakin banɗakin, na tsaya. Ba a sallama a nan, ba a kuma kiran sunan suruki. Na ɗan ƙwanƙwasa. Daga ciki aka yi gyaran murya. Alhaji mutum ne da ba ya magana a banɗaki ko da gobara ake, don haka gyaran muryar nan ita ce dukan bayaninsa. Na ga ƙofar ta motsa kaɗan, ta koma. Ruwan wankansa ya ƙarasa ta, ta toshe bakin gam.

"Baba, ku sa ƙahwa ku ɗaga ta," na ce.

Aka sake gyaran murya, wannan karon da tari a bayanta. Ramatu ta fito daga ɗaki riƙe da jariri, idonta jawur.

"Malam, ka san shina da huka! Wurin babu taga, iska ba ta shiga. Ka hiddo min ubana!"

Na kama mariƙi na ja iya ƙarfina. Mariƙin ya biyo ni, tare da fatar ƙofar ta waje, shuɗin fentin da komai. Ƙofar kuwa tana nan. Tarin ciki ya ƙaru, har ina jin numfashinsa yana fito. Mata sun cika tsakar gida suna salati, maza sun fara shigowa. Wani ya ce a nemo kafinta, wani ya ce a kwance kwano ta sama. Ni dai na ga in tsohon nan ya faɗi a ciki, na gama yawo a duniya.

"Baba, ku matsa baya!"

Na ja da baya, na tattare sabuwar shaddata, na taho da gudu na kai mata kafaɗa. Na zaci za ta ɓalle daga bango. Ina! Gefenta ya riƙe, tsakiyarta ce ta huje kamar kwali. Kaina da hannu ɗaya suka shige ciki, sauran jikina ya rage a tsakar gida, gaban liman da surukata da dukan matan unguwa. Na yi gaba, na kasa. Na yi baya, tsinken katako ya kama ni a haƙarƙari.

Na ɗaga ido. Ga Alhaji zaune kan bokitin da ya kife, ɗaure da tawul, gemu na ɗigar ruwa, hancinsa dab da nawa. Iska ta shigo ta ramin, ya ja ta sosai. Ni kuma cikin duk maganar duniya, abin da bakina ya samo shi ne:

"Baba, ina kwana?"

Ya dube ni har na ji kamar in narke. Ranar nan ya karya dokarsa.

"Lahiya lau. Shigowa za ka yi, ko hita?"

Da ƙafafu aka jawo ni. Shaddar ta tsage tun daga wuya har ƙugu. Mahaucin da ya zo fiɗar rago shi ya sare sauran ƙofar da adda, aka miƙa wa Alhaji riga, kowa ya juya baya ya fito. Ya sha maganinsa, ya huta, ya fita ya zauna kusa da liman kamar ba abin da ya faru. Ni cikin rigar aro na karɓi addu'a, ina jin dattawa na danne dariya a tsakiyar amin.

Da zai koma Gaya na raka shi bakin gada, kaina a ƙasa. Sai da ya hau kabu-kabu ya ce, "Ka ji ciwo?" Na ce a'a. Ya ce, "To madalla. Ka riƙe gyaran waya da kyau."

Na riƙe. Abin da na koya kuwa shi ne, duk abin da zai tsaya tsakaninka da surukinka yana tsirara, kada ka nemi ragi a kansa.