Taransifoma a Kan Babur

"Ni da wutar lantarki, ai tare muka tashi!" Haka Zailani ke cewa kullum a majalisar mai shayi, yana dukan ƙirji. Kai kuwa abokina, mutumin nan ko kwan fitila ya ɗaura sai ya fashe. Amma baki? Tabɗi!

Ƙauyenmu na kan hanyar Daura zuwa Kongolam. Bara kamfanin wuta ya liƙa wani ɗan akwati a jikin taransifomanmu, mai layin waya a ciki. Da an sami matsala yake sanar da ofis, su gani a kwamfuta, su turo masu gyara.

Ana tsakiyar zafi wuta ta ɗauke. Famfon burtsatse ya tsaya, ƙanƙarar Hajiya Murjanatu, mai sayar da zoɓo, ta koma ruwa. Gari ya shiga uku.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji gogan naka. "Akwatin ne ba shi da sabis, shi ya sa ofis ba su san halin da muke ciki ba. Kai in wayarka ta rasa sabis, me kake yi?"

"Hawa tudu," in ji jama'a.

"To shi ke nan!"

Hajiya ta ce, "Zailani, ka bar musu kayansu."

"Haba Hajiya, wannan ai maganar injiniyoyi ce."

Sarkin shirme ya samo sukundireba, ya kwance akwatin, ya ɗaga shi sama yana zagaya gari kamar mai tallan ƙosai. Ya hau juji. Ya hau katangar makaranta, ta ruguje da shi. Da ya ga 'yar fitilar akwatin na ƙiftawa sai ya ce, "Kun gani? Ya fara kamawa! Arewa yake so." Ya ɗaure shi a bayan babur, ya miƙi titi.

Ashe batirin akwatin na aiki, kuma yana faɗin inda yake. Can a ofis, Injiniya Fadila ta dubi kwamfuta ta zabura.

"Innalillahi! Taransifoma na gudu a kan titi, ya doshi boda!"

Tun safe ta ga matsalarmu, motar gyara har ta kamo hanya. Nan take ta mayar da ita, ta kira 'yan sanda.

A Kongolam, bakin boda, suka tare shi, yana tsaye a kan babur da akwati a ka.

"Ina sauran taransifoman?"

"Yallaɓai, ni injiniya ne, sabis nake..."

"Shiga mota!"

Kamfani ya ce ba akwati, ba gyara, akwatin kuwa yana caji ofis a matsayin shaida. Wallahi ranar na ji kamar in shaƙe shi.

Washegari muka cika mota, dattawa da Hajiya, muka tafi. Da Zailani ya hango mu ta bayan kanta sai ya gyara hula, ya dubi ɗan sandan da ke gadinsa.

"Ka gani ko? Na faɗa maka ni babban mutum ne. Gari guda ya zo belina!"

Hajiya ko kallonsa ba ta yi ba. Ta rusuna wa DPO.

"Ranka ya daɗe, belin akwatin muka zo. Shi wannan ku riƙe shi har a gama gyara."