Akitek Muhyiddeen da Ma'aikacin Tagulla

Wallahi Kano ta yi sa'a. Wasu garuruwan sai sun ɗauko gwani daga waje, mu kuwa Allah ya ajiye mana Akitek Muhyiddeen, mai zanen gine-gine, a nan Na'ibawa. Mutumin da ya je ɗan kwas Dubai ya dawo yana tambayar yadda ake cin gurasa. Ko a zafin Afrilu da gyale naɗe a wuyansa, shi ya sa masu walda na Sharaɗa suke ce masa Baban Gyale.

Shi ne fa ya zana ɗakin maigadi a wani kamfanin roba a Bompai, gilashi zalla, ba taga. Azahar na yi sai maigadin ya fara nuna kamar dankali. Da aka yi magana ya ce, "Ba ku fahimci aikin ba. Ginin hira yake da rana."

To, sai ga wata ƙungiyar masu masana'antu za ta karrama dattawanta, kuma za ta gina sabuwar sakatariya a Chalawa. Shugabanta Alhaji Ɗayyabu ya ce wa Akitek ya fara yin kofunan karramawa, in sun yi kyau ginin nasa ne. Daga ranar Baban Gyale ya daina amsa sallamar ƙananan mutane.

"Kofi?" in ji shi. "Ranka ya daɗe, kofi na 'yan ƙwallo ne. Ni tarihi zan zuba muku da tagulla."

Tarihin kuwa mutum-mutumi ne, wai Ma'aikacin Ƙarni, riƙe da sifana, kowane dattijo da nasa. Ma'aikaci ne fa, amma da gemun Akitek, da gilashin Akitek, da hancin Akitek bayan an ɗan rage masa faɗi.

Ya tura kaya a kwali ya tafi gyaran fuska. Alhazai suka buɗe suka yi salati. Alhaji Zakariyya, ɗaya daga cikin dattawan, wanda a falonsa ake karatu duk Asabar, ya ce shi da tsufansa ba zai kai gunki gida ya kori mala'iku ba. Aka tambayi malami, malami ya ce in an cire kai shi ke nan. Aka kira mai injin yankan ƙarfe.

Ranar biki Akitek ya kama makirfo, kayan suna lulluɓe da farin yadi a bayansa.

"Jama'a, ku bar duba jiki, jiki kowa yana da shi. Ku dubi fuskar nan! Duk basirar Afirka na tara a goshin nan!"

Ya fizge yadi. Ga ma'aikata a jere, sifana a hannu, wuya a shafe sumul. Zaure ya ɗauki tafi. Alhaji Zakariyya ya rungumi nasa yana cewa masha Allah, bai taɓa ganin aiki mai tsafta haka ba.

Akitek ya bi shugaba har mota, gyale na jan ƙasa. "Alhaji, maganar sakatariya..."

"Mun ba wani," in ji Alhaji Ɗayyabu. "Kofi inji zai iya gyara shi. Gini in ka liƙa masa gemu, da me za mu yanke?"

"To kawunan fa? Aikin gidan tarihi ne!"

"Suna nan, suna aiki."

Gaskiya ya faɗa. Wani direba ne ya kwashe su. Jiya na wuce ta Dakata na ga basirar Afirka da idona, an tokare tayar tirela da ita kada ta gangara.