A Sako Mana Gawarmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Tarwatsa Taro na unguwarmu, mai sanda da jiniya, wanda idonsa ba ya barci. Allah ya ƙara girma, ya basha, kamar yadda ake kiran manya a nan.

Bayan gaisuwa irin ta wadda ta san matsayinta, sunana Mahasin, ɗaliba daga Nijeriya, mazauniyar unguwar Arba wa Nus a nan Alƙahira. Ni ce yayar Nata'ala, saurayin nan da ke tsare a ofishinka tun ranar Talata bisa zargin jagorantar zanga-zanga. Ina roƙon ka ba ni aron kunne, don labarin da yaranka suka kai maka ya rasa kai da ƙafa.

Ƙungiyarmu ta ɗalibai Hausawa ce ta shirya wasan kwaikwayo irin na Girkawan dā, inda sarki ke hana a binne wani mamaci, 'yar'uwar mamacin kuma ta ce umarnin Sama ya fi na fada. Ni aka ba 'yar'uwar. Nata'ala kuwa aka ba shi gawa, domin duk wanda ya san shi ya san kwanciya ce kaɗai aikin da yake yi ba a roƙe shi ba. Ranar Talata abokansa huɗu suka je karɓo makara wajen kafinta. Ɗan'uwan nawa ya ce zai fara gwaji tun daga can, aka naɗe shi da farin ƙyalle, aka ɗaure ƙafafu, suka saɓa shi. Kafin su kai bakin titi ya yi barci.

Yallaɓai, kai ma ka san mutanenka. Bamisire ba ya ganin makara ya wuce. Mai sayar da dafaffen waken ful ya bar tukunyarsa, tsofaffi suka ajiye shisha, mai tuk-tuk ya sauke fasinja, kowa na neman lada. Wannan ya sa kafaɗa, wancan ya karɓa, har aka ture abokan nan huɗu can baya. Sun yi ta bayani da Larabcinsu na littafi, jama'a na shafa musu kai ana cewa ma'alish, a yi haƙuri, baƙin ciki ne ya taɓa su. Haka aka nufi masallaci da ƙanena, yana minshari a ƙarƙashin salati.

A nan dole in gode maka, kuma wallahi da gaske nake. Ba don jiniyar motarka ta tashe shi ba, da yanzu muna zaman makoki. Ya miƙe zaune cikin likkafani yana tambaya ko an iso. Titi ya watse! An ce har yaronka ɗaya ya bar hularsa a wurin. Wanda bai gudu ba shi ne mai ɗaurarrun ƙafafu, shi kuwa kuka kama.

Ga 'yan koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. A wace ƙasa aka taɓa jin jagoran zanga-zanga a kwance, ido rufe? Yaron da ban iya tayar da shi sallar asuba sai da ruwan sanyi, shi zai tayar da unguwa?

Na biyu. An ce taron ya rera take mai tunzura jama'a. Na tambayi duk wanda ya halarta, abin da aka yi ta faɗa shi ne La'ilaha illallah. Idan kalmar shahada ta shiga jerin abubuwan da sai da izini, a taimaka a sanar da ladanai, kada su ma su kwana wajenka.

Na uku, kuma wannan ne ya hana ni sukuni. Jami'inka ya karanta mini sabuwar doka, cewa duk taron da ya haura mutum goma sai an sanar da hukuma kwana uku kafin a yi shi. Madalla da tsari. To amma malamanmu sun koya mana a gaggauta kai mamaci makwancinsa, kuma raka shi haƙƙi ne a kan Musulmi. Yaya za mu haɗa biyun, ranka ya daɗe? Mai niyyar mutuwa ranar Alhamis ya leƙo ofishinka ranar Litinin? Ko kuwa akwai wata yarjejeniya tsakaninku da Mala'ikan Mutuwa da ba a gaya mana ba?

Na huɗu. Jami'inka mai bincike ya ji labarin wasan, ya ɓata rai, ya matsa sai na faɗi wane sarki muke nufi. Na rantse masa sarkin Bagirke ne, ya mutu fiye da shekara dubu biyu. Ya ce in kawo adireshinsa. Ya basha, mu ba mu ce sarkin ya yi kama da kowa ba. Jami'inka ne ya ji an ce sarki ya hana 'yar'uwa ɗan'uwanta, nan take ya tsargu.

Na biyar gajere ne. Tuwon da na kai jiya an caccaka shi da cokali ana neman makami, aka kuma cinye naman.

Na yi dariya a wasiƙar nan, amma Allah ya sani abin ba na dariya ba ne. Ranar da za mu taho, a filin jirgin Kano, Innarmu ta kama hannun Nata'ala ta sa a nawa, ta ce in ban dawo mata da shi ba kada in dawo. Jiya ta kira, na ce yana barci. Ban yi ƙarya ba, na tabbata barcin yake, amma ba zan iya maimaita mata wannan amsar ba.

Saboda haka gobe da safe zan zo ƙofar ofishinka in shimfiɗa darduma in zauna, ni kaɗai, ba kwali ba kirari. Ba zan tashi ba sai da shi. In ka sake shi, khalas, magana ta ƙare, za mu yi maka addu'a har jikoki. In kuma zaman mace ɗaya ya zama taro, to ga hannuwana. Alfarma ɗaya nake nema: a sa ni inda zan riƙa jin muryarsa, don in Inna ta tambaya in ce muna tare.

Taka mai biyayya a kan komai, ban da wannan,

Mahasin Ya'ƙub
Arba wa Nus, Alƙahira
Maris, 2014