Ranar da Ntate Sefako Ya Je Roƙon Ƙwaryar Ruwa

"Nawa ba baki ba ne, mabuɗi ne," in ji Ntate Sefako. "Ba a ƙera ƙofar da zai kasa buɗewa ba. Lokacin da nake ramin zinariya a Gauteng, can Afirka ta Kudu, Baturen da ke kanmu in ya ji muryata hula yake cirewa. Rabin matan da ke tuƙa tuwo a kwarin nan ni na je na karɓo aurensu, ku tambayi kowa."

Abokina, in ka taɓa kwana biyu a ƙauyen Ha Seeta, can cikin tsaunukan Lesotho, to ka san Sefako ko ba a nuna maka shi ba. Ntate kuwa a harshensu kamar ka ce Baba ne. Gajere ne mai tumbi, da haƙorin gwal guda ɗaya wanda yake wangale baki musamman don rana ta same shi. A bayan idonsa ana kiransa Ganga, wai ƙara a waje, iska a ciki. A gaban idonsa kuwa ba a kiransa komai, don ba ya barin kowa ya sa baki.

Abin da ya tayar da wannan cika bakin shi ne, da safiyar ranar nan, Lebusa, ɗan ƙanwarsa, ya saki maruƙa suka shanye nonon shanu kafin a tatsa. Kowa ya san abin da saurayi ke nufi in ya yi haka: aure yake so. Uban yaron, Ntate Mohapi, ya fara tunanin dattijon da zai aika gidan iyayen yarinyar a bayan dutse, sai ga Sefako ya faɗo kamar an jefo shi.

"Wa za ka aika ina raye? Ni ne kawun yaro."

"Na so a sami mai sanyin baki," in ji Mohapi a hankali.

"Mai sanyin baki sai ya je ya sha kunu. Aure na masu magana ne."

Lebusa ya matso, ya durƙusa. "Kawu, bari in yi maka bayaninta. Gidan Ntate Makhetha ne, ita kuma sunanta..."

"Yaro, rufe bakinka. Ina nemo mata tun uwarka tana wasan ƙasa. Makhetha, na ji. Sauran kuma aikina ne."

Mohapi ya rasa yadda zai yi da surukinsa, sai ya haɗa shi da Ntate Pitso, wani dogon maƙwabcinsu wanda ba abin da yake ƙauna a duniya kamar ya ga Sefako ya kwafsa.

Dabara ta farko, Sefako ya ce ba zai hau tsohuwar goɗiyarsa ba, sai ya aro ingarman da ake sukuwa da shi a ƙauyen, don iyayen yarinya su san manya ne suka zo. Ya yafa bargonsa na fita kunya, ya kafa malfa, ya zura takalman robarsa na rami da ya goge har suna ƙyalli. Lokacin sanyi ne, kan duwatsu fari fat da ƙanƙara.

Da suka iso kogi Pitso ya ce, "Mashigi yana can ƙasa, mu gangara."

"Mashigi na mata da tumaki ne. Biyo ni ka ga aiki."

Ingarma ya shiga ruwa da taƙama har tsakiya. Can sai ƙishirwa ta kama shi, ya sunkuyar da kai ba sallama. Sefako ya sulalo ta wuyansa kamar buhun masara, ya dulmiya. Malfa ta bi ruwa, doki ya juya ya nufi gida abinsa. Pitso ya bi ta mashigi a natse, ya zo ya tarar da mutumin naka a gaɓa, haƙora na kaɗawa, har da na gwal ɗin.

"Na ga aiki," in ji Pitso.

"Da gangan na sauka. Wanka nake so in yi kafin in shiga gaban surukai."

Haka ya hau bayan goɗiyar Pitso, ya rungume ƙugunsa, ruwa na tsiyaya daga takalman roba. Suna shiga ƙauyen su yarinyar, Sefako ya hango farin ƙyalle a kan sanda a ƙofar wani ɗakin dutse, alamar an dafa giyar dawa. Nan dabara ta biyu ta zo masa: a tsaya bargo ya bushe, maƙogwaro kuma ya jiƙe.

Mai giya ta shanya bargon kusa da murhu. A gefe ga wani tsoho cikin bargo mai toka-toka irin na makiyaya, yana zuƙar lofe. Sefako ya dube shi sama da ƙasa, ya yanke hukuncin cewa wannan mai kiwon tumakin wani ne. Ƙwarya ta farko ta ɗumama masa ciki, ta biyu ta kwance masa harshe, da ma ba a ɗaure yake ba.

"Tsoho, ka san gidan wani Makhetha?"

"Ina jin sunan," in ji tsohon.

"Can za mu. Marowaci ne na ƙarshe, ƙuda in ya faɗa masa a miya sai ya tsotse shi kafin ya yar. Amma yau ya gamu da gamonsa. Zan murɗa shi da baki har ya ba mu 'yar, ya ƙara mana da rago, ya kuma yi godiya."

"Ashe ka san shi sosai, Ntate."

"Kamar yunwar cikina. Tare muka yi rami, ni na koya masa riƙon shebur. Yarinyar kuwa a kan gwiwar nan tawa ta girma."

Tsoho ya gyaɗa kai. "Mai baki irin naka, na san gidansa cike yake da iyali."

"Cike yake da tukwane," in ji Pitso. "Tuzuru ne, shi yake tuƙa tuwonsa."

"Ban ga wadda ta kai ba ne," in ji Sefako, ya ci gaba da zuba. Yana cikin labarin yadda ya taɓa tallafe rufin rami da kafaɗa ɗaya sai ƙauri ya cika ɗakin. Kafin mai giya ta fizgo bargon, wuta ta ci bayansa, ta bar ɓula wadda kan ɗan maraƙi zai wuce ta ciki.

Tsoho ya miƙe, ya kwatanta musu hanya: su zagaye dutsen can, su haura, su sake gangarowa. Suka yi ta zagaye, goɗiya na nishi, iska na shiga ta ɓular bargo tana gaisawa da bayan Sefako. Da suka iso, sai Pitso ya lura ashe gidan yana bayan ɗakin mai giya, jifa ɗaya.

A bakin shingen shanu, inda maza ke zama in magana ta girma, dattawa sun jeru. A tsakiyarsu, kan kujera, cikin sabon bargo mai zanen zangarniyar masara, ga tsohon nan da lofensa.

Pitso ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Sefako ya ji giyar dawa ta bar kansa ta koma ƙafafu.

"Ntate Makhetha," ya ce da wata dariya marar gishiri, "ai na gane ka tun ɗazu. Wasa nake yi."

"Na sani. Ba tare muka yi rami ba? Zauna, malamina na shebur. Ku yi haƙuri ba a kawo muku miya ba, ban gama tsotse ƙudajen ba."

Dattawa suka yi ta tari cikin barguna. Da wani mai kunya ne, da nan ya nemi gafara, amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Sefako ya gyara zama, ya juya ɓular bargon wajen shanu, ya buɗe murya da kalaman da ake neman aure da su a can.

"Ntate Mohapi na Ha Seeta ne ya aiko mu. Ɗansa Lebusa yana jin ƙishirwa. Mun zo roƙon ƙwaryar ruwa."

"Madalla. Ƙore suna da yawa a gidan nan. Wacce ce?"

Nan fa ake yin ta. Sefako ya buɗe baki, haƙorin gwal ya haska, amma sunan yarinya ya ƙi fitowa. Ya zunguri Pitso da gwiwar hannu.

"Ni riƙon doki aka ce in yi," Pitso ya raɗa masa. "Yaron ya so ya faɗa maka, ka ce ya rufe baki."

"Sunan yana kan harshena," in ji Sefako da ƙarfi, "ruwan kogi ne ya ɗan wanke shi."

"Ba komai," in ji Makhetha. "Wanda ya raini yarinya a gwiwarsa ba ya bukatar suna. A fito da matan gidan, ya nuna ta. In ya nuna daidai, mu yi magana. In ya kuskure, to ban san wa kuka zo nema ba."

Matan gidan suka fito a jere, kowace ta lulluɓe da bargo tun daga ka har idon sawu, ba a ganin komai sai yatsun ƙafa. A can ƙarshen layi wata na ta motsa ƙafa, don Lisebo ce, yarinyar da Lebusa ke so, tana ganin aurenta a hannun mutum mai ƙonannen bargo.

"Ka ce ba ka sani ba, a ci mu tarar tunkiya a wuce wurin," in ji Pitso ƙasa-ƙasa.

"Ni? Kana wasa da ido irin nawa."

Ya tashi ya goya hannu a baya, ya bi layin yana duban ƙafafu kamar mai sayen akuya. Ya wuce mai motsa ƙafa ko kallo bai yi mata ba. Ya tsaya gaban wata 'yar gajeruwa mai ƙananan sawu, kanta a sunkuye, jikinta na karkarwa.

"Ga ta nan. Ku dubi kunya, ku dubi tarbiyya. Tun tana rarrafe haka take rawar jiki in ta gan ni."

"Ka tabbata, Ntate?"

"A gaban shanun nan na faɗa, in ba ita ba ce, ni zan aure ta da kaina."

Magana zarar bunu ce, balle wadda aka yi a bakin shingen shanu. Aka yaye bargon. Sai ga Mme Mantoa, wato Inna Mantoa, yayar Makhetha, furfura fal ka, haƙora uku a baki, ta riƙe ciki. Ashe karkarwar ba ta kunya ba ce, dariya ce take ci tun ɗazu.

Abokina, har shanu sai da suka ɗago kai. Wani dattijo ya faɗo daga kan dutsen da yake zaune. Pitso ya kwanta a ƙasa yana roƙon a ba shi ruwa. Ita kuwa Lisebo ta yaye nata bargon da hawaye a ido, ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba, kada laifin Kawu ya shafi Lebusa."

Makhetha ya share ƙwallan dariya, ya dafa kanta. "Tashi, 'yata. Na san Mohapi, na san ɗansa, mutanen kirki ne. Kowane gida da irin kawunsa. Na ba su ƙwaryar." Ya sa aka kawo kitse aka shafa wa Pitso a fuska, yadda ake yi wa ɗan aiken da aka amsa wa, don mutanen gida su gani tun daga nesa. Sannan ya juyo. "Saura naka auren, malamina. Yayata gwauruwa ce, ga ka, ga ta."

Sefako ya dubi hanya, ba doki. Ya dubi Pitso, ba taimako. Da ya ga ba mafita, sai ya kumbura ƙirji, ya mai da abin alfarma.

"Namiji ba ya lashe amansa. Mata da yawa sun yi layi ban kula su ba, amma saboda zumunci, na yarda zan rufa wa Mme Mantoa asiri. Yau ta yi sa'ar da 'yan mata suka rasa. Zan gina mata ɗaki mai tagar gilashi, zan ba ta labarin Gauteng tun daga farko, zan..."

Mme Mantoa ta ɗaga hannu. Ta zagaya shi a hankali, ta leƙa ta ɓular bargon, ta ƙwanƙwasa tumbin da ɗan yatsa ta saurari amonsa, sannan ta juya wajen ƙanenta.

"Makhetha, maza biyu na aura na binne, kuma kowannensu da aka rufe shi ya yi shiru na samu barci. Wannan ko na binne shi, daga cikin kabari zai ci gaba. A ɗora shi a goɗiya a mayar wa masu shi."